Allurar da Ake Kira Chela

Leland Prusak ba ya son a ce masa Farfesa. "Ku kira ni Leland kawai, a ɗakin nan duk ɗaya muke," haka yake gaya wa duk wanda ya zo sabo. To, duk ɗaya muke ɗin, sai dai shi ofishinsa yana hawa na huɗu da taga har biyu, mu kuwa muna ƙarƙashin ƙasa, inda ko rana ta fito sai dai wani ya sauko ya ba mu labari. Ni ce Darlene Oberg, kuma a wannan ramin na tsufa ina kula da na'urorinsa. Digirin da yake taƙama da shi ni ma ina da irinsa. Bambancinmu kawai shi ya iya lallaɓa masu kuɗi, ni kuwa bakina ba shi da linzami.

Aikinmu kallon ƙwayoyin zarra ne, ɗaya bayan ɗaya. Na'urar tana cikin wani ɗaki mai kaurin bango, a kan dandamalin kankare, cikinta kuwa sanyi ne da ya fi na duk wani hunturu da aka taɓa yi a Wisconsin. A can ciki akwai allura, 'yar guntuwar waya ce da aka fere bakinta har ya ƙare a ƙwayar zarra ɗaya tak. Allurar tana bin saman ƙarfe dab da dab ba tare da ta taɓa shi ba, kwamfuta kuma tana zana abin da ta ji a kan allo a ɗakin da muke zama. Saboda wannan 'yar wayar muke yawo da safa ba takalmi, saboda ita muke magana ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki.

Allura in ta ɗauki datti sai hoto ya yi hazo. Maganin wannan kowa ya sani: a danna wani jan maɓalli, a aika mata bugun lantarki, duk abin da ke manne a bakinta ya faɗi. Mu mari muke ce masa. Leland a zamaninsa da mari ya yi suna, wannan kam ba zan tauye masa ba. Yana ganin hazo hannunsa ya kai, kafin ka ƙifta ido hoto ya fito tar. Amma rabonsa da zama a kujerar na'ura tun kafin gashin kansa ya zube.

Yolanda Barragán daga El Paso ta zo mana, bayan ta gama digirinta na uku, da kwantiragin shekara uku. Ita ba wurin zaman ƙwayoyin take nema ba, wannan an daɗe da gani. Ƙwayar ƙarfen manganis kowace ɗaya ƙaramin maganaɗisu ce, ko dai kanta na kallon sama ko yana kallon ƙasa, kuma Yolanda so take ta ga ina kowace ta fuskanta. Allura ta yau da kullum ba ta ganin wannan. Sai an sami wadda ƙwayar baƙin ƙarfe ta ɗare a kan tsininta, ita ma ta zama maganaɗisu. Sannan ne ƙwayoyin da suka fuskanci inda ta fuskanta za su yi haske a allo, waɗanda suka juya mata baya su yi duhu.

Samun irin wannan allura ba wayo ba ne, naci ne da sa'a. Za ki tsoma bakinta a hankali cikin ɗan tsibin baƙin ƙarfe, ki ɗago, ki duba. Ba komai. Ki mare ta, ki sake tsomawa. Haka Yolanda ta yi ta yi har shekara biyu ta wuce ta shiga ta uku, tana zaune da safar ulu biyu-biyu a ƙafa, kofin kofi ya huce a gabanta. Ni har na fara tausayinta, kuma ni ba mai saurin tausayi ba ce.

Ranar da abin ya faɗa, da hantsi ne, ina cin cuku a kan teburina. Sai na ji ta kira ni da wata murya siririya.

"Darlene. Zo a hankali. Kar ki ja kujera."

Na je. A kan allo ga ƙwayoyin manganis a jere, ɗaya haske, ɗaya duhu, ɗaya haske, ɗaya duhu, kamar saƙar tabarma mai launi biyu. Hoton ba kyau gare shi ba, dishi-dishi ne, haka hoton maganaɗisu yake ko a ina. Amma tsarin wani iri ne da ba wanda ya taɓa ba da labarinsa, yana tafiya yana karkata, ya dawo. Na daɗe ina kallo, cukun nan yana hannuna.

"To, ki raɗa mata suna," na ce.

Al'adar ɗakin ke nan, allura in ta yi kyau ana sa mata suna. Yolanda ta ce, "Chela. Sunan kakata ke nan. Ita ma ba abin da ake ɓoye mata."

Sai dai hoto ɗaya a sana'armu jita-jita ne. Haske da duhu datti ma na iya kawo su, gargadar ƙarfe ma na iya. Shaida ɗaya ce: akwai ƙaton maganaɗisu a jikin na'urar, a juya shi, maganaɗisun bakin allurar ya juya ya kalli ƙasa, a sake ɗaukar wuri guda da allura guda. In masu haske suka yi duhu, masu duhu suka yi haske, magana ta ƙare. In ba wannan hoto na biyu, ko yaro ɗan aji ɗaya zai yi miki dariya. Yolanda kuwa kwantiraginta da bazara zai ƙare, ga wata jami'a a Oregon ta kira ta ganawar neman aikin koyarwa. Hoto na biyun nan shi ne aikin. In babu shi, sai ta tattara ta bar sana'ar.

Laifinta ɗaya, tana da ladabi. Ta ce bari ta gaya wa Leland kafin ta juya.

Ya sauko da kansa, abin da ya kan yi sau ɗaya a wata in an yi sa'a. Har ya cire takalmi ba a tuna masa ba. Ya tsaya bayanta ya riƙe ƙugu, bakinsa har kunne.

"Yolanda, kin san abin da muka samu kuwa?"

Muka. Na yi tsaki a cikina.

"Yanzu nake son in juya maganaɗisun," ta ce. "Kafin la'asar mun gama."

Murmushin ya ɗauke. "A'a. Ba yanzu ba. Juya maganaɗisu yana girgiza na'ura. In allurar ta daki ƙarfe fa?"

"Zan janye ta baya tukuna, Leland. Kullum haka ake yi."

"Kullum haka ake yi, kuma wani lokacin a rasa allura. Misis Halvorsen za ta zo ran Alhamis ta mako mai zuwa da mutanenta. Shekara nawa ina gaya musu za mu ga maganaɗisun ƙwaya ɗaya? Yanzu so nake su gani da idonsu, yana fitowa a allo layi-layi. Alhamis na wucewa, ki juya yadda kike so."

Misis Halvorsen ita ce ta gaji kamfanin cukun mijinta, kuma gidauniyarta ce Leland ke hari don a sa sunansa a kan sabon gini. Matar ba ta da laifi, tana son kimiyya kamar yadda wasu ke son kyanwa, daga nesa tana shafawa.

Na ce, "Leland, allura ba kayan ado ba ce da za a ajiye wa baƙi. Tana raye yanzu, a yi aikin yanzu."

"Darlene, na gode da shawara."

In ya ce na gode da shawara, to ya rufe kunne ke nan. Ya wuce wurin akwatin wutar maganaɗisun, ya murɗa makullinsa, ya zare, ya jefa a aljihun wando. A gabanmu, ko kunya.

Makon nan na ga ikon Allah. Mutumin da bai san inda muke ajiye safar hannu ba ya zama mai gadin allura. Ya sa aka tsayar da lif na ɓangarenmu, tsofaffin malamai na hawa bene suna haki suna tsine mana. Ya hana a ja ruwan bayin da ke samanmu. Ya hana ni ɗumama miya a ɗakin, wai injin ɗumamawar yana kaɗa bango. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Yaya allurata ta kwana?" Sunan Chela bai taɓa fita daga bakinsa ba.

Na ja Yolanda gefe a wurin shan kofi. Na ce, "Yoli, makullin nan ba na gidan sarki ba ne. Ina da sukudireba. In buɗe bayan akwatin, ki juya, ki ɗauki hotonki, mu mayar. Kafin ya gama taron cin abincinsa an wuce wurin."

Ta girgiza kai. "In ya gane fa? Oregon shi za su fara bugawa waya su tambayi halina. Kalma ɗaya daga bakinsa ta ishe ni mutuwa."

"In allurar ta mutu kafin Alhamis fa?"

"Ba za ta mutu ba. Ina kula da ita."

Kuma gaskiyarta, ta kula da ita. Ta janye ta nesa da ƙarfen, kullum da safe ta sauko da ita a hankali ta duba, ta mayar. Saƙar tabarmar nan tana nan daram. Yarinyar ta rame a makon, idonta ya faɗa, amma Chela lafiya lau ta kai Alhamis.

Baƙin da rana suka zo. Misis Halvorsen da wani lauyanta mai fuska kamar an ci bashinsa, da shugaban tsangayarmu yana ta dariyar da ba a ba da labarinta ba. Aka sa su cire takalma. Misis Halvorsen abin ya burge ta, tana ta kallon yatsunta cikin safa tana cewa rabonta da haka tun tana yarinya. Leland ya sa kwat da laktaye, a ƙafa kuwa safa mai zanen kifi.

Yolanda ta riga ta saukar da allurar, hoto yana fitowa. Sai Leland ya dafa bayan kujerarta.

"Ɗan matsa mini."

Ta ɗago ta dube shi. "Leland, bari in tuƙa, kai ka yi bayani."

"Haba, Yolanda. Ni na haɗa na'ura ta farko a ginin nan, ke lokacin kina rarrafe." Ya juya ya yi wa baƙin murmushi, suka yi dariya.

Ta tashi. Ta tsaya a bayansa ta harɗe hannu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Don Allah kar ka taɓa komai."

Ya fara bayani, kuma bayani kam ya iya. Ya ce abin da suke gani ba a taɓa ganinsa ba tun da aka halicci ƙarfe. Ya ce kowane ɗigo ƙwaya ce guda, mai haske na kallon sama, mai duhu na kallon ƙasa. Ya ce wata rana duk littattafan duniya za su shiga cikin abin da bai kai farce ba, kuma za a tuna daga wannan ɗakin aka fara. Lauyan yana kallon agogo.

Misis Halvorsen ta sa tabarau, ta matsa kusa da allo, ta ƙanƙance ido. Ta cire tabaraun ta goge, ta mayar.

"Farfesa Prusak, ka yi haƙuri, ni fa ban ga komai ba. Kamar talabijin ɗinmu ta da in ana ruwan sama. Haka yake fitowa dama, ko na'urar ce ba ta da lafiya?"

Shugaban tsangaya ya daina dariya. Ya dubi Leland.

Ina tsaye ta gefe, don haka na ga komai. Leland ya san doka. Shi da bakinsa yake koya wa ɗalibai cewa allurar maganaɗisu ba a marinta, don ƙwayar baƙin ƙarfen nan da ke kan tsininta ita ce za ta fara faɗuwa. Ya sani kamar yadda ya san sunansa. Amma an ce masa hotonsa ya yi hazo, a gaban mutane, mai kuɗi ce kuma ta faɗa. Kansa yana wurin matar, bakinsa yana cewa, "A'a, ɗan gyara kaɗan ne," hannunsa na dama kuwa ya tafi inda ya saba zuwa shekara da shekaru.

Yolanda ta ce, "Leland."

Ƙas. Ƙarar maɓallin ke nan, ba ta fi ta ƙulla biro ba.

Layin da ke fitowa ya yi wani fari fat, ya tsallake. Sannan hoto ya ci gaba da sauka, layi bayan layi, kuma wallahi ban taɓa ganin hoto mai kyau irinsa a ɗakin nan ba. Ƙwayoyin nan sun fito tar, zagaye-zagaye, sumul, a jere kamar ƙwai a kiret. Duk haskensu ɗaya. Babu mai duhu ko guda.

"Yauwa, yanzu na gani," in ji Misis Halvorsen. Ta dafa ƙirji. "Kai, abin sha'awa. Dubi yadda suka jeru. Da taɓawa ɗaya kawai?"

"Hannun gwani ke nan," in ji shugaban tsangaya, dariyarsa ta dawo.

Na ga ƙeyar Leland ta yi ja har kunnuwa. Ya gane. Ya gane tun kafin layin ya gama tsallakewa. Ya kalli hannunsa a kan tebur. Na ce a raina, to, bari mu ga ko akwai mutum a cikin kwat ɗin nan. Sai ya juyo da kujera, ya buɗe hannuwa.

"Hannu ba ya mantuwa," ya ce.

Misis Halvorsen ta tambaya ina masu kallon ƙasan da ya faɗa. Ya ce ai suna nan, sai an bi da lissafi ake fito da su. Ta gyaɗa kai, ta ce a buga mata wannan hoton babba. Suka sa takalmansu suka hau sama cin kek.

Yolanda ba ta motsa daga inda take ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauko mata ruwa, ta karɓa ta riƙe kawai.

Da yamma ya dawo shi kaɗai, laktaye a kwance, da guntun kek a takarda, wai ya kawo mana.

"Ka kashe Chela," Yolanda ta ce. Muryarta ba ta ko tashi ba.

Ya ajiye kek ɗin. Ya yi gyaran murya. "Ina ta tunani a kan wannan. Yolanda, allurar da mari ɗaya zai canza ta, dama can abin dogaro ce? Mai yiwuwa haske da duhun nan datti ne ya manne a bakinta. Kin ga, da mun yi gaggawa, da kin je Oregon kin tsaya gaban mutane da datti. Wata rana za ki gode mini."

Na ce, "Leland, kai fa ka koya mana ba a marin irinta."

"Darlene, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake. Ka ji tsoron tsohuwa mai tabarau, ka kashe aikin shekara uku, yanzu kuma ka zo da kek."

Ko kallona bai yi ba. Ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullin, ya ajiye shi a kan tebur gaban Yolanda.

"Ga shi. Na ce Alhamis na wucewa ki juya yadda kike so. Ni ba na saɓa alkawari."

Ta daɗe tana kallon makullin. Sannan ta ɗauka, ta je ta zura shi a akwatin. Na ce, "Yoli, me za ki gani kuma? Allurar ta makance." Ta janye allurar baya kamar yadda ake yi kullum, ta fara juya maganaɗisun a hankali. Mu uku muka zuba wa layin da ke nuna girgiza ido. Ya kwanta shar, kamar an ja shi da rula. Har aka gama juyawa ko motsi bai yi ba. Ta saukar da allurar, ga ta nan lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Abin da ya hana ta mako guda ke nan, kuma bai kai tsawon shan kofi biyu ba.

Hoto ya fito. Ƙwai a kiret, kamar ɗazu.

Leland ya leƙa ta kafaɗarta. "Kin gani ko? An juya, ba abin da ya canza."

Ya ɗauki takalmansa a hannu ya hau sama.

Yolanda ta ci gaba da tsoma allura har ƙanƙara ta narke, ba ta sake samun irin Chela ba. Ta je Oregon da hoto ɗaya. Ta ce mini tana gama magana wani dattijo a layin gaba ya ɗaga hannu ya ce, "Ina na bayan juyawa?" Ta ce babu. Ya ce to, ya rufe bironsa. Yanzu tana Phoenix a wani kamfani tana gwada kayan cikin waya. Takan turo mini barkono busasshe duk Kirsimeti, ba ta taɓa tambayar ɗakin ba.

Ginin an gina shi. Hoton ƙwan nan yana rataye a bakin ƙofa, ya fi ni tsawo, sunan Leland a ƙasa.

Sai da kakar bana aka kawo wanda ya maye gurbinta, wani dogon mutum daga Manitoba mai suna Anselm. Ranar farko Leland ya sauko da kansa ya zagaya da shi. Ina zaune ina jin su. Suka tsaya a gaban na'urar, ya nuna masa jan maɓallin.

"Wannan shi ne mari. Amma ka ji da kyau, in ka sami allurar maganaɗisu, ko kusa da shi kar hannunka ya je. An taɓa yi mana ɓarna haka a ɗakin nan."

Anselm ya ce, "Ayya. Wa ya yi?"

"Ta tafi," in ji Leland. "Ba ma son tone-tone."